Takun da Hansai Ba Ta Sani Ba

A shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin ƙasar Bama, Sada baduku yana zaurensa a Batsari yana ɗinkin kube, sai ya ji ihu a cikin gida. Muryar yayarsa Turai ce, wadda ta iso daga Zakka.

"Sada! Fito ka ji wulaƙanci! Na yi sallama, matarka ta karkace kai tana kallona ta wutsiyar ido, wai ba su sayen nono yau. Ni ce mai tallan nono?"

Matarsa Hansai tana kan tabarma, sandarta a gefe. Shekara goma ke nan ciwo yana wasa da ita: ƙafa ta mutu, hannu ya yi rawa, ya lafa, ya dawo. Bana kuma ido ya shiga. Sada ya kai ta Katsina a motar gyaɗa. Likita ya ce ciwon jijiya daban, na ido daban. Shekaru ne suka cinye tsakiyar ganinta, kuma babu allurar da za ta mayar da shi.

"Yaya, ki yafe mini," in ji Hansai, hawaye na zuba. "Wallahi ban gan ki ba." Sai ta ɗaga sanda. "Kai! Kaza na cin geron can!"

Turai ta tafa hannu. "Ka ji! Tana ganin kaza a bakin rumbu, ba ta ganin mutum a gabanta! Makantar raini ce. Ka sallame ta ta koma garinsu Darini. Ni na goye ka bayan rasuwar Inna. Ko ni, ko ita!"

Zuciyar Sada ta tafasa. Shekara talatin da ɗaya yana cin tuwon Hansai, bai taɓa jin ta ɗaga wa danginsa murya ba. Ya koma zaure, ya yanko baƙar fata kamar faɗin kwabo, ya dawo.

"Yaya, rufe ido ɗaya."

"Wane shashanci ne wannan?"

"Rufe, na ce!"

Ta rufe. Ya riƙe fatar daf da ɗayan idon.

"Me kike gani?"

"Katanga. Turmi. Ga kazar can."

"Fuskata fa?"

Turai ta karkata kai tana neman fuskarsa ta wutsiyar ido.

"To, haka take kwana, haka take tashi. Ni kaina rabonta da fuskata tun damina. Da taku take gane mutane. Asama'u mai kitso, Hamma mai ruwa, duk ta san takunsu, don suna zuwa gaishe ta. Ke fa? Shekara nawa rabon ƙafarki da gidan nan?"

Turai ta ƙirga a zuci. Bakwai. Ta zauna daɓas a gefen tabarma, ta kama hannun nan mai rawa.

"Hansai, ni ce makauniyar."

Kwana biyu ta zo yi, sai da aka yanke gero ta tafi. Da ta dawo da Sallah, tun tana soro Hansai ta yi murmushi.

"Maraba da Yaya! Ƙafar hagu tana ja."

Sada ya ci gaba da ɗinkinsa.

Haƙurin Hansai ya riƙe mata ɗakinta, ya ƙara mata 'yar'uwa. Wanda bai zo duba mara lafiya ba, kada ya zo yanke masa hukunci.