Ƙunshin Gwaggo da Bizar Zuwairatu

Gwaggo Ikilima na zaune a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gidanta da ke Azuba, kusa da Lafia, tana tankaɗe garin lalle, Zuwairatu kuma na gefenta a kan tabarma tana karanto mata wata doguwar takarda. Saura kwana tara biki. An riga an ɗaura aure tun wata biyu da suka wuce, domin ango, Kalilu, ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar Finland, kuma ba za a ba matarsa izinin binsa ba sai da takardar shaidar aure. Ga shi an aiko musu da ranar da za su je Abuja su miƙa takardu: Talata, kwana huɗu bayan kai amarya.

Gwaggo mace ce mai son jin ƙwaƙwaf, ba ta barin layi ɗaya ya wuce ba ta tare shi ba. Da aka zo kan fasfo, cewa kada ya zama ya kusa ƙarewa, ta ce ashe shi ma yana lalacewa kamar maganin kemis. Da aka ce hoto kada a yi murmushi a ciki, ta tambaya ko mutanen ƙasar ba sa dariya ne. Inshorar lafiya kuwa ta fi ɗaure mata kai. Sai da Zuwairatu ta yi mata bayani sau uku, amma har yanzu ba ta ga dalilin da mutum mai ƙoshin lafiya zai shirya wa ciwon da bai zo ba.

Zuwairatu na ta dariya har ta iso layin ƙarshe. Nan dariyar ta tsaya.

"Karanta mana," in ji Gwaggo. "Ko sun ce a kai musu doya ne?"

"Sun ce za a ɗauki hoton yatsu goma da na'ura. Wai kada a zo da ciwo a yatsa, kuma... kada a zo da lalle."

Gwaggo ta ajiye rariya a hankali.

Wanda bai san Gwaggo Ikilima ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Shekara talatin tana ƙunshin amare a Lafia. Daga Kwandere ake zuwa, daga Arikya ake aiko mata da mashin, har 'yan matan Eggon da na Tibi da za su shiga coci da farar riga sukan biyo ta gidanta tukuna. An san aikinta da abu ɗaya: kan yatsu, wanda take ƙunshewa sau biyu har ya yi duhu kamar dabino, ya yi wata bai koɗe ba. Allah bai ba ta haihuwa ba. Zuwairatu 'yar ƙaninta ce, ta karɓe ta tana shekara uku bayan rasuwar uwarta, kuma tun ranar take lissafa wannan ƙunshin a ranta.

Don haka ba ta yarda cewa wata na'ura ce ta yi maganar ba. Ta ce ita ta san inda aka dafa wannan: yayyen Kalilu ne, masu yatsina, da suke son a ɗauko musu wata yarinya daga Abuja ta zana wa amarya fulawa da baƙin dayis. Zuwairatu ta rantse ba haka ba ne, ta nuna mata rubutun, Gwaggo ta ce ai rubutu ma mutum ne ke yinsa.

Da yamma Kalilu ya kira, Zuwairatu ta faɗa masa. Shi dai mutum ne mai sanyin magana, amma a kan wannan ya tsaya kai da fata. Ya ce wata uku ya yi yana duba waya safe da rana kafin su samu wannan ranar, kuma makaranta za ta buɗe a watan Agusta ko da shi ko babu shi.

"Zuwaira, filis, a yi a ƙafa, a yi a bayan hannu, a yi har gwiwar hannu in ana so. Kan yatsun nan kawai a bar mana."

Ta ce masa to. Kuma har cikin ranta to ɗin take nufi.

Ranar Laraba da hantsi gida ya cika da mata. An kwaɓa lalle, an yanka salatif, ƙawaye na ta tsiya. Gwaggo ta gama ƙafa, ta gama bayan hannu, ta kama ɗan yatsan farko. Zuwairatu ta janye hannunta kaɗan, kaɗan ƙwarai, amma kowa ya gani. Wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta ce ikon Allah, yau 'yar mai ƙunshi za ta shiga ɗakin miji da farin yatsa kamar mai takaba.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta goge hannunta a zani, ta ce shi ke nan, ta yi wa 'ya'yan mutane, Allah bai nufa ta yi wa tata ba. Sai ga hawaye yana bin fuskar matar da ko a ranar rasuwar mijinta sai da ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Zuwairatu ta kasa daurewa. Tausayi ya rufe ta har ta manta da Abuja da Finland da duk wata na'ura ta duniya. Ta miƙa hannuwan duka biyu. Gwaggo ta share hawaye ta ce kada ta damu, lemon tsami da toka suna cire komai, ita ta san sana'arta. Ƙunshi kuwa ya kama, irin kamun da aka yi ta zancensa har bayan biki.

Sai da gari ya waye ranar Asabar, washegarin kai amarya, Kalilu ya dubi hannun amaryarsa da kyau. Ya daɗe yana kallo.

"Ba mun yi magana ba?"

"Mun yi. Na kasa ne, Yaya Kalilu. Kuka ta yi."

Ya fita ya sayo lemon tsami cike da leda. Kwana uku amarya da ango suka yi suna gurzar yatsu, maimakon karɓar 'yan ganin ɗaki. Suka sa toka, suka sa gishiri, suka sa omo, wani abokinsa ya ce kananzir, suka gwada. Lalle bai tafi ba, sai ma fatar da ta fara saɓa.

A Abuja an karɓi takardunsu tsaf, babu wadda ta ɓace. Kalilu ya ɗora yatsunsa a kan ɗan gilashin, fitila ta yi kore. Zuwairatu ta ɗora nata, ta yi ja. Ma'aikaciyar ta ba ta tishu ta goge, ta sake, ta sake, har sau biyar. Daga nan ta juya hannun ta duba, ta ce ƙunshin ya yi kyau sosai, amma na'ura ba ta ganin zanen fatar, ga lalle ga saɓa. Ta ce sai Zuwairatu ta nemi wata ranar idan hannun ya warke. Da suka fito suka duba, rana mafi kusa sai bayan wata huɗu.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Zuwairatu na kuka a cikin mayafi, tana jiran faɗan da ta san ta cancanta. Sai da suka kusa Lafia Kalilu ya numfasa. Ya ce ransa ya ɓaci, ba zai yi mata ƙarya ba, amma matar da ta kasa kallon hawayen wadda ta raine ta, ba ita ce zai yi nadamar aure ba. Zai tafi, zai jira ta.

Mahaifiyarsa ba ta ɗauki abin da wannan sauƙin ba. Bayan tafiyar Kalilu a watan Agusta, a gidanta Zuwairatu ta zauna, kuma kullum akwai abin da za ta ji. In ta kawo abinci, a ce ga wadda ta zaɓi ado a kan miji. In Kalilu ya kira ya ce sanyi ya fara, a ce ai da yana da mata da ta dafa masa ruwan zafi. Yayyensa har sun fara ba shi shawarar ya bar ta a gida kawai ya yi karatunsa, tunda ta nuna inda zuciyarta take. Ya ce musu a daina kawo masa wannan zancen. Zuwairatu ta sha wuya ƙwarai a watannin nan, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan Gwaggo ba. Ita Gwaggon ma, Zuwairatu cewa ta yi mata an ɗaga ranar ne kawai, aikin ofis.

To amma mai son jin ƙwaƙwaf ba a rufe ta da wannan. Gwaggo ta yi ta juya zancen: in ofis ne ya ɗaga, me ya sa na ango bai ɗagu ba? Wata ranar kasuwa ta ɗaura mayafi ta nufi shagon Doose, ƙawar Zuwairatu tun firamare, 'yar Tibi mai yi wa mutane rajistar layin waya. Ta ce ta ji ana cewa akwai na'urar da ke kallon yatsa, tana son ta gani da idonta.

Doose ta yi dariya ta jawo mata kujera. Ta fara ɗora nata yatsan, sai ga wasu layuka sun fito a kwamfuta, sun naɗe kamar faifai. Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta yi ta tambaya: kowa da irin nasa? Har tagwaye? To wa ya ƙirga? Doose ta ce ko uwa da 'ya ba sa haɗa iri ɗaya.

"Oya Gwaggo, kawo naka mu gani," in ji Doose da Hausarta ta 'yan Tibi.

Gwaggo ta ɗora yatsanta da ya sha lalle shekara talatin. Babu layi ko ɗaya, sai wani duhu kamar gindin tukunya.

"Ka gani? Haka na Zuwaira ya yi a Abuja, shi ya sa sun maido shi." Doose ta toshe bakinta. "Kai, abeg, kada ka ce ni na faɗa."

Gwaggo ta daɗe tana kallon duhun nan. Ba ta wuce gida ba. Kai tsaye gidan surukan ta nufa, ta yi sallama, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa a gaban mahaifiyar Kalilu, alhali Gwaggo ta girme ta da shekara biyar. Zuwairatu na bakin madafa tana ji.

"Hajiya, yarinyar nan ta faɗa mini gaskiya tun farko, ni ce na ƙi ji. Ta janye hannunta, na yi mata kuka a gaban mutane. In akwai wadda ta zaɓi ado a kan aure, ga ta zaune a gabanki. Ki yi mini faɗan, ki bar ta."

Hajiya ta juya ta dubi Zuwairatu, ta tambaye ta me ya hana ta faɗa duk tsawon wannan lokaci. Zuwairatu ta sunkuyar da kai ta ce ai Gwaggo uwarta ce. Daga ranar ba a sake yi mata gori a gidan ba.

Gwaggo kuwa ta mayar da yatsun nan goma aikinta. Ta hana ta wanki da omo, ta hana ta yankan albasa, ta hana ta zuwa kusa da kwanon lalle. Duk Asabar sai ta ja ta shagon Doose a gwada, tana tsaye a kansu tana duba layukan suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, tana gyara wa Doose yadda ake danna babban yatsa. A watan Nuwamba fitilar Abuja ta yi kore tun gwajin farko. Bayan wasu makonni izini ya fito.

Ana gobe tafiya, da la'asar, maƙwabta suka taru yin sallama, suka ce to yanzu fa babu sauran hujja, a yi wa amarya ƙunshin zuwa wurin miji. Zuwairatu ta ga yadda Gwaggo ke kallon kwanon lalle, zuciyarta ta sake karyewa. Ta miƙa hannu.

Gwaggo ta riƙe hannun, amma salatif ta ɗauko. Ta naɗe kan yatsun ɗaya bayan ɗaya, har goma, ta danne kowanne da kyau don kada ko ɗigo ya shiga. Tsohuwar nan ta bakin ƙofa ta fara magana, Gwaggo ta katse ta. Ta ce ta bincika, a filin jirgin can ma suna iya cewa ta ɗora yatsa kafin su buɗe mata ƙofa.

"Sau ɗaya na riƙe ta da hannun nan, ya ishe ni," in ji ta. "Je ki wurin mijinki da farin yatsa, 'yata. Duk wanda ya tambaya, ki ce Ikilima ce ta yi."

Zuwairatu ta faɗa jikinta, suka yi kuka su biyu, lalle na ɓata musu zani babu wanda ya kula.

Haƙurin wata shida ne ya kai ta inda gaggawa da gurzar yatsu suka kasa kai ta. Ta rufa wa wadda ta raine ta asiri, mijinta ya jira ta bai saurari zuga ba, Allah kuma bai bar su sun taɓe ba. Mu da muke da 'ya'ya a hannu, sai mu riƙa tambayar kanmu ko abin da muke nace wa don su ne ko don mu. Gwaggo Ikilima ta yi wa kanta wannan tambayar a makare, amma ta amsa ta da gaskiya a gaban mutane.