Dutsen Falalin Kanya

Ranar da tifa ta juye tsakuwa a bakin gidan Malam Gwadabe da ke Ƙofar Durɓi, 'yarsa Fadila ta fito da faɗa a bakinta, don an tare mata hanya. Sai ta yi kiciɓis da saurayin da ya kawo kayan, fari fat da ƙurar dutse. Dariya ta ƙwace mata.

"Kai kuwa daga ina, kamar an tsoma ka cikin gari?"

"Daga Falalin Kanya, ranki shi daɗe. Sunana Almu."

To, daga nan fa suka yi musayar lamba, waya ba ta sake hutawa ba. Ya ba ta labarin garinsu: 'yan gidaje a gindin tsauni, ruwa sai an gangara kwari, gona duk fako. Kakanninsu da suka ga noma ya ƙi, sai suka rungumi guduma.

Wata rana ya turo: "Tauraruwata, guduma na hannuna, hankalina na Ƙofar Durɓi."

Ta mayar: "Mai Dutse, kula da yatsun nan, nawa ne."

A garinsu ba a neman aure sai da dutsen niƙa wanda saurayi ya sassaƙa da hannunsa. Almu ya ɓata wata guda a kan nasa, ya aiko kawunsa da shi. Bawan Allah, ya ɗauka ko'ina haka ake yi.

Malam Gwadabe ya fusata. "A zamanin inji? Ɗiyar tawa baiwa ce? Ga Sagir mai shagon waya na jira. Ku kwashe abinku!"

Fadila ta shige ɗaki tana kuka. Kukan ne ya fito da kakarta, Inna Furera, mahaifiyar Malam. Ta dogaro sanda har zaure, ta durƙusa, ta daɗe tana shafa dutsen.

"Wanga na Falalin Kanya ne," in ji ta. "Da can bisa jakai ake kawo muna su. Gwadabe, da ubanka ya rasu, da mi kake tsammani na ciyar da kai? Irin wanga ne na yi ta niƙau da shi. Su can in yaro ya aiko dutse, cewa yake ko ya faɗi ya mutu, ɗiyarku ba ta kwana da yunwa."

Malam ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko. "Ki gafarce ni, Inna." Ya juya ga baƙon. "Mun karɓa, mun gode."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Almu ya durƙusa gaban tsohuwa yana ta godiya. Ta dafa kansa, ta riƙo hannun Fadila.

"Allah shi yi maku albarka. Dutsen nan kuwa, jikata, Allah shi sa yaji kaɗai za ki niƙa bisansa."

Gida ya ɗauka da amin.