Fitila Mai Faɗin Haske

Sabo ya tashi daga aikin gini bayan magariba a gajiye liƙis. Fitilar kekensa ta mutu, ga hanyar dajin Karshi na jiransa. Ya tsaya gun wani tsoho mai teburin fitilu.

"Baba, wacce ta dace da hanyar daji?"

"Ɗauki mai siririn haske, ɗana. Mai faɗin tana tona na gefen hanya, su kuwa ba sa son a gan su."

Sabo ya ja tsaki a ransa. Shi ramuka ne damuwarsa. Ya kunna mai faɗin, ya gwada ta a bangon da ke bayan tsohon. Inuwar teburi ta fito sarai, har da ta fitilun. Ta tsohon babu.

"Ai na gaya maka," in ji tsohon.