Babin Da Babu Lissafi

A ɗakin ajiye fayil ya fara ganinta, tana zaune a kan wani kwali, littafi a cinya, biro a baki, kwanon abincinta na gefe ya huce tuni.

Shi odita ne, yana cikin mutum huɗun da aka turo su duba takardun kamfanin fentin da take aiki. Fayil ɗin bara ya shigo nema. Ita kuma nan ne maɓoyarta kullum da ƙarfe ɗaya, don a sashen kuɗi ba mai iya karanta layi biyu waya ba ta yi ƙara ba.

"Yi haƙuri, ban san ɗakin da mai shi ba," in ji shi.

Ta cire biron daga baki da sauri. "Mai shi ɓeraye ne, ni haya nake yi."

Ya yi dariya har sai da ya dafa kantar da ake jera fayil. Da ya leƙa bangon littafin sai ya ce, "Jarrabawar ƙwararrun akantoci? Saura darasi nawa?"

"Ɗaya."

"Wanne?"

Ta kawar da kai. "Naku. Na binciken kuɗi."

"Ashe mu ne muka tsare miki hanya. To, a madadin duk oditocin duniya, ina ba da haƙuri."

A gida Auta ake ce mata. Shekara bakwai ke nan tana haɗa aiki da karatu: a bas da safe, a ɗakin fayil da rana, ajin lacca ranar Asabar. Darasi goma sha ɗaya ta cinye, wannan ɗayan ya kayar da ita sau biyu. Dokar hukumar jarrabawar kuwa ba ta san wahalar kowa ba. Wanda bai kammala cikin shekara bakwai ba, darussan da ya ci a baya sun rushe, sai ya koma baya. Zaman da za a yi nan da mako tara shi ne na ƙarshe gare ta.

Washegari ya dawo, wai bai ga fayil ɗin ba. Rana ta uku ma bai gan shi ba, alhali ga shi nan a saman kantar da jan rubutu, ko makaho ya shafa zai gane. A rana ta huɗu ya daina wahalar da kansa da ƙarya, ya jawo nasa kwalin ya zauna.

Ya iya bayani, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Abin da malamin Asabar zai kwashe awa yana juyawa, shi sai ya warware shi cikin minti goma da koren bironsa, irin wanda oditoci ke sa alama da shi. Ta sa masa Mai Koren Biro, shi kuma yake kiranta Ɗaliba. A mako na biyu ya fara ce mata Ɗalibata, ta yi kamar ba ta lura ba, amma ranar ta wuce tashar da take sauka a bas.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Ɗalibata, na duba takardu dubu yau, ban ga abin da ya kai murmushinki daidai ba."

Ta mayar masa:

"Malam, wannan ba ya cikin manhaja. A koma karatu."

"Zan kai ƙara hukuma a saka shi."

Akwai babi ɗaya a farkon littafin da ba ta taɓa bari su tsaya a kai ba, babin ɗa'ar aiki. Babu lamba ko ɗaya a cikinsa, sai dogon Turanci. Ita kuwa Auta mutuniyar lissafi ce, shafin da ba a danna masa kalkuleta a wurinta hira ce. Da ya taɓa tambaya sai ta ce, "Wannan ai na sani, hankali ne kawai." Ya yarda da ita.

A mako na uku ya ce yana so ya zo ya gaida Baba. Ta sanar da Mama, Mama ta isar, Baba ya aika a kira ta.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai sanyin magana da taurin kai. Yana da dalilinsa. Yayar Auta saura shekara ɗaya ta gama makarantar jinya aka yi mata aure, mijin ya yi rantsuwa za ta ci gaba, yau 'ya'yanta huɗu ba ta sake ganin ƙofar aji ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Ban ce mutumin banza ba ne, ban san shi ba," in ji Baba. "Amma duk wanda zai zo miki da maganar so ana saura mako shida jarrabawa, kansa yake so. Kada ya tako min gida sai na ga takardarki."

"Baba, shi ne fa yake koya min."

"Haka wancan ma ya ce zai riƙa kai yayarki makaranta a mota."

Ta gaya wa Mai Koren Biro ranar Juma'a, idonta ya ciko. Ya ce Baba ya yi gaskiya, kuma shi ma akwai abin da ya kamata ya yi tun tuni bai yi ba.

Ranar Litinin kujerarsa babu kowa. Wajen ƙarfe tara saƙo ya shigo:

"Ɗalibata, daga yau ba na cikin aikin kamfaninku. Ba zan kira ba, ba zan rubuto ba, sai abin ya wuce. Ke 'yar sana'a ce, kin san dalili. Ki riƙe karatunki."

Ba ta san dalili ba. Ta karanta saƙon ya fi sau ashirin. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta rubuta, "Wane dalili?" Ta ga alamar an karanta, shiru.

Wadda aka turo a madadinsa wata doguwa ce mai gilashi, ga fara'a ga surutu. Auta ta daure kwana biyu, a na uku ta kai mata fayil ta ce, kamar ba komai, "Wancan ɗan'uwan naku lafiya dai?"

"Lafiya lau, soyayya ce ta ci shi," in ji doguwar tana dariya. "Ya shiga wurin oga ya ce aure zai yi, bai fito ba sai da aka canza masa aiki. Yanzu yana can wani sito yana ƙirga tayoyi. Shi da ake shirin ba shi shugabancin tawaga bana! Ko wace ce yarinyar, ta iya kamu."

Auta ta yi murmushin yaƙe ta fito. Lissafinta ya tafi kai tsaye: Baba ya hana, mutum ya gaji, dama akwai wata a ajiye. Ta shiga ɗakin fayil ta rufe ƙofa ta yi kuka mai isarta, ta tura kwalinsa can ƙarshen ɗaki da ƙafa.

Kwana goma tana buɗe littafi ba ta ganin komai. Gwajin da aka yi musu a ajin Asabar ta ci talatin da ɗaya cikin ɗari. Tsoro ya kama ta sosai, don ta ga za ta rasa mutum ta kuma rasa shekara bakwai.

Baba yana lura. Ba mai iya rarrashi ba ne, don haka ranar Lahadi da hantsi ya fito tsakar gida da tabarau, ya ce ta kawo littafin tsofaffin tambayoyi.

"Ni zan tambaya, ke ki amsa. Daga shafin farko."

"Baba, a tsallake wannan babin, babu lissafi a ciki."

"Shekara talatin ina raba wasiƙu, ban taɓa tsallake gida don ba shi da fenti ba. Zauna."

Ya riƙa karantawa a hankali da Turancinsa na mutanen da, yana bi da yatsa. Tambaya ta farko ta yi kame-kame. Ta biyu ma haka. Baba ya dube ta ta saman tabarau. Ya karanta ta uku, ya mayar da ita Hausa da kansa.

"Wai odita ne aka tura wani kamfani, sai shaƙuwa ta shiga tsakaninsa da wata ma'aikaciyar sashen kuɗi, har yana nufin aurenta. Me ya wajaba a kansa? Maki ashirin."

"Sai... ya yi aikinsa da gaskiya."

"Shi ke nan? Na maki ashirin?" Ya juya bayan littafin inda amsoshi suke. "Ga abin da suka ce. Ya sanar da shugabansa nan take. A cire shi daga aikin. A sa wani ya sake duba duk abin da ya duba. Ya yanke hulɗa da ita har sai an sa hannu a rahoto, don kada a zargi aikinsa, kada kuma a zargi nata..."

Muryarsa ta yi ƙasa, ya tsaya. Auta ta riga ta toshe baki da hannu biyu.

"Ni ce," ta ce. "Baba, yarinyar ni ce."

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wace yarinya kuma?"

Cikin kuka da dariya Auta ta kwashe komai ta faɗa: saƙon, doguwa mai gilashi, siton tayoyi, shugabancin da ya wuce shi. Mama ta ce, "Oh ni! Ke da shi duk ba ku da wayo. Shi ya ɗauka kin karanta, ke kin ɗauka kin sani."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Da ya mayar sai ya ce, "Tambaya ta huɗu."

Haka suka yi sauran makonnin. Ta koma babin nan ta bi shi layi-layi, ta gane inda maki ashirin-ashirin ɗinta suka riƙa zubewa shekara biyu. Ba ta sake kiransa ba, tunda yanzu ta san ƙa'idar, ita ma ta riƙe ta. Kwalinsa dai ta jawo ta mayar inda yake.

Ranar jarrabawa Baba ya raka ta har bakin ƙofar zauren, abin da bai yi ba tun tana firamare. Awa uku ta yi tana rubutu. Da ta fito yana nan a kan benci, ya ce yaya, ta ce, "Na yi iyakar yina."

Bayan kwana biyar aka sa hannu a rahoton kamfanin. Ko awa ɗaya ba a yi ba wayarta ta yi ƙara.

"Ɗalibata, an sa hannu. Kwana arba'in da bakwai. Na ƙirga su fiye da yadda na ƙirga tayoyi. Kina nan?"

Ta share ido ta rubuta:

"Ina nan. Kwana goma sha uku na yi ina zaton wata za ka aura."

Sai ga kira. "Wata? Ba na ce miki kin san dalili ba?"

"Ban karanta babin ba."

Ya ce a hankali, "Laifina ne. Malamin da ya yarda da ɗaliba bai gwada ta ba, shi ya kamata a kayar. Ki yafe min, masoyiya."

"Na yafe. Kai kuma ka rasa girman da za a ba ka saboda ni."

"Girma yana zuwa wata shekara. Da an ce an rufa miki asiri a takardunki don odita na sonki, da wane sabulu za mu wanke sunanki?"

Bai zo gidan ba, domin sharaɗin Baba yana nan. Sai da sakamako ya fito bayan mako shida, tana tsaye a gaban injin kwafi. Sittin da huɗu cikin ɗari, ta haye. Ta zauna a ƙasa a wurin, takardu na ta fitowa ba mai ɗauka, tana faɗin Alhamdulillahi ba adadi. Baba ta fara kira. Ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya iya magana.

"Ki ce wa yaron nan ina son ganinsa. Ya zo da manyansa, kada ya ɓata min lokaci."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, Baba ya kira su biyun cikin ɗakinsa. Ango ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Na yi maka mummunan zato, ka yafe min," in ji Baba. "Ni na hana ka zuwa don tsoron kada ka raba ta da abin da ta wahala a kai. Ashe kai ka fi ni tsaronsa. Ga ta nan na ba ka, da takardarta da komai. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."

Auta ta buɗe baki za ta yi godiya, ga mutum biyun da suka tsaya mata a gabanta, ta rasa wanda za ta fara da shi. Sai ta kama hannun Baba da hannu ɗaya, ta kama na mijinta da ɗayan, ta ce, "Na gode."

Suka amsa tare.