Auta da Mai Gada

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Ni dai makaranciya ce, ban taɓa rubuta labari ba. In kun ga tuntuɓe ku rufa mini asiri, 'yar koyo ce ke tafiya.

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yayarta ce ta ja ta gidan zu, wai ta gaji da ganinta a ƙuryar ɗaki kamar tsohuwar akwati. Suna shiga kowa ya yi wajen zaki da giwa. Auta kuwa hayaniya ciwon kai take sa ta, sai ta bi wata siririyar hanya har ta iske benci a inuwa, gaban wani shinge da ba a ganin komai a cikinsa sai ciyawa. Ta zauna ta ba shingen baya, ta buɗe littafinta.

"Don Allah kada ki motsa," in ji wata murya a hankali.

Ta ɗaga ido. Wani saurayi ne cikin koren kayan ma'aikata, riƙe da bokitin ganye, ya tsaya cak kamar an dasa shi. Da ido ya nuna mata ƙasa. Ta saci kallo. Wata 'yar gada ce, ba ta fi ɗan akuya ba, ta fito tana shinshinar bakin mayafinta ta ragar shingen.

Ya gaya mata tun da aka kawo ta da raunin tarko a ƙafa, ba ta taɓa matsowa kusa da baƙo ba. Gada ba ta son a zuba mata ido. Sai ka ba ta baya, ka yi kamar ka manta da ita, sannan ta zo.

"Ashe akwai irina a daji," in ji Auta, kafin ta ankara maganar ta fita.

A haka Yaya ta same su, ɗaya na dariya, ɗaya ta rufe fuska da littafi. Nan take ta raɗa masa suna Mai Gada, kuma ita ta karanto masa lambar ƙanwarta, don ta ce in an jira Auta sai giwar can ta yi fiffike.

Washegari saƙo ya shigo:

"Salamu alaikum, Malama mai littafi. Ƙawarki ta cinye ganyenta kaf, har ta taka ƙafar. Ta ce in gaishe ki."

Auta ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta tura:

"Ina amsawa. Ka ce mata kada ta yi gaggawa."

"Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan."

Haka aka ci gaba, har Malama mai littafi ta koma 'Yar gadata. Yakan zo gida da yamma, su zauna a ƙofa, shi da labarin kunkuru da jimina, ita da labarin kwaleji. Wani lokaci su yi shiru kawai, shirun kuma bai taɓa yi musu nauyi ba.

Sai dai ba shi kaɗai ke zuwa ba. Akwai mai kemis na bakin titi, mai mota da yawan zance, wanda kan yi tambaya ya amsa wa kansa. Shi Mama ke so. Amma ba Mama ce matsalar ba, Baba ne.

Baba mai walda ne, kuma bai taɓa hana Auta komai ba. Da aka kai masa maganar auren Mai Gada, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Rabin rayuwata ina ƙera keji da ƙyauren ƙarfe," ya ce. "Wanda ya saba juya makulli a kan mai rai ba zai ji nauyin juya shi a kan mace ba. Ban yarda ba."

Kowa a gidan ya san inda maganar ta fito. Ƙanwarsa ce ta auri wanda ya raba ta da karatu da dangi, har ta bar duniya Baba ta taga yake gaisawa da ita, tagar da shi da kansa ya yi wa ƙarfe.

Auta ba ta iya musu ba. Ta shige ɗaki, ta daina amsa saƙo, don ba ta san me za ta ce ba. Ana haka Mama ta sa mai kemis ya rage mata hanya zuwa kwaleji. Da yamma wayarta ta yi ƙara:

"Na hango ki a mota yau. Ba zan matsa miki ba, 'Yar gadata. Ƙawarki ta warke, ranar Asabar za a mayar da ita daji. In kina son yi mata sallama, ki zo. In ba ki zo ba, na fahimta, kuma ba zan ƙullace ki ba."

Ta yi kuka mai isarta. Da safe ta tafi shagon Baba, ta tsaya har ya kashe wuta ya ɗaga gilashin fuskarsa. Ba ta roƙe shi ya canja ra'ayi ba. Cewa ta yi ya raka ta gidan zu, ya gani da idonsa. Bai taɓa jin ta roƙi wani abu ba, sai ya ce to.

Mai kemis ne ya kai su, har da Mama. Sun tarar an ajiye akwatin katako a cikin shingen, an zuba ganye a ciki, Mai Gada na zaune ya ba shi baya. Abokan aikinsa sun so a jefa raga a gama, ya ƙi, ya ce tsoro kaɗai kan kashe gada. Ita za ta shiga da ƙafarta.

Rana ta ɗaga. Gadar ta matso har bakin akwatin, sai mai kemis ya duba agogo, ya ƙwanƙwasa shingen da makullin mota. "Ke, shiga mana, mutane na da abin yi!" Kafin ƙiftawa ta ɓace cikin ciyawa. Mai Gada bai ɗaga murya ba, ya roƙi yallaɓai ya ɗan ja baya, ya koma ya zauna. Mai kemis ya ja Mama suka tafi kallon zaki.

Baba kuwa idon sana'a ya hana shi sakat. Ya hangi ƙofar ɗan ɗakin da gadar ke kwana, ya ga an yanke sakatarta. Ya tambaya ƙasa-ƙasa wa ya yi wannan aikin.

"Ni ne, Baba. Duk sanda ta ji ƙarar sakata sai ta ƙi cin abinci. Na nemi izini na cire. Ta shiga in ta so, ta fita in ta so."

"Kana sonta?"

"Ƙwarai."

"To don me za ka sake ta?"

"Jinya ta zo yi, Baba. Ba tawa ba ce."

Baba ya tattare rigarsa, ya zauna a ƙasa daga waje, shi ma ya ba akwatin baya. Auta ta zauna gefensa. Sun daɗe a haka, ba mai tari, har suka ji ɗan sautin kofato a kan katako. Mai Gada ya sauke murfin a hankali, ya share ido da hannun riga.

"Baba," in ji Auta, "shi nake so."

"Na ji." Ya miƙe yana kaɗe ƙura, ya dubi saurayin. "Ɗan nan, yankan sakatar nan ko makaho ba zai yi haka ba. Ka zo shago in koya maka. In za ka zo, ka taho da manyanka."

Mama ta ɗan yi mita a kan mota, daga baya ta ce ai ba motar za a aura ba. Auta na gama zangon karatu aka ɗaura aure. Baba da kansa ya ƙera ƙyauren gidansu, ya damƙa mata makullin a tafin hannu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa kada ɗayansu ya zama keji ga ɗan'uwansa. Gida ya amsa da amin, Yaya na kuka tana cewa kwalli ne ya shiga idonta.

Ni kuwa mai ba ku labarin, ina can bayan ƙofa. Da na ga kowa ya juya wajen amarya, sai na ɗauki takalmana a hannu, na sulale.