Amaryar Tudun Kanya

Babur ɗin Habila ne ya mutu a ƙofar kamfanin biskit da Asabe take aiki a Challawa, daidai lokacin tashi. Ya ɗauro jarkoki a baya har sun fi shi tsawo, yana ta buga kik, gumi na zuba. Dariya ta ƙwace mata.

"Ki gama dariyar, sai ki tura ni," ya ce.

Ta tura shi kuwa. Nan ta ji cewa mai bishara ne a wata 'yar majami'a a ƙauyen Tudun Kanya. Shi ne mai wa'azi, shi ne malamin yara, shi ne mai kai masu naƙuda asibiti. Jarkokin na ɗebo wa tsofaffi ruwa ne.

Tun daga ranar, duk sanda ya hau tudun da ake samun sabis ɗin waya, sai saƙonsa ya shigo mata.

"'Yar Challawa, yau akuya ta cinye mini rabin wa'azi. Sauran rabin ke na yi ta tunawa."

"Malamina, ka ci abinci dai?"

Da ya zo gaisuwa gidansu Asabe a Panshekara, mahaifinta Baba Dogara ko ruwa bai bari an kawo masa ba. Shi ma ya yi aikin bishara a ƙauye, a can kuma uwar Asabe ta rasu kan naƙuda, rafi ya cika an rasa hanyar fita.

"Na binne guda a wannan aikin," ya ce. "Ba zan ba da ta biyu ba."

Ya kuma nuna mata Iliya, sufabaizanta a kamfani mai gida a Hotoro, wanda ya daɗe yana aiko manya.

Sai saƙonnin Habila suka ɗauke. Ta kira, a kashe. Ta rubuta, "Malamina, in ka janye ne ka faɗa mini da bakinka, kar ka kashe ni da shiru." Ba amsa. Ta rame, ta riƙa ƙona hannu a jikin inji, har ƙawarta Saudat ta karɓe mata layin aikinta.

Saudat ɗin ce ta zo da labari, daga bakin yayanta Ado mai A Daidaita Sahu. Amai da gudawa ya ɓarke a Tudun Kanya. Habila ya yi ta jigilar marasa lafiya har shi ma ya faɗi.

Asabe ta zube gaban mahaifinta.

"Baba, ba zan fita ba sai da izininku. Amma in ya mutu ban gan shi ba, ban san yadda zan ƙara kallonku ba."

Tsohon ya miƙe. "Ɗauko gishiri da sukari. Ki kira Adon."

Sun tarar an mai da majami'ar ɗakin jinya. Habila na kwance a kan benci, idanu sun faɗa, wata tsohuwa na masa fifita. Asabe ta durƙusa tana kuka, tana ɗura masa ruwan gishiri da sukarin da cokali.

Da ya gane Baba Dogara, ya yunƙura ya kasa tashi.

"Baba, gaskiyarku ce. Nan ba wurin kawo 'yar mutum ba ne. Ku tafi da ita, na haƙura."

"Ni ban haƙura ba!" in ji Asabe.

Baba Dogara ya zauna a bakin bencin.

"Ni ban taɓa gaya wa uwarta gaskiyar wurin da zan kai ta ba. Ita wannan ta gani da idonta, ta kuma ce ta ji ta gani. Sha ruwan nan, ɗana. Ba na ba gawa 'yata."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura auren a Tudun Kanya. Saudat ta zo da 'yan kamfani mota guda, matan zumuntar majami'a suka cika fili da waƙa.

Da Baba Dogara ya ɗora musu hannu, Habila ya raɗa mata, "'Yar Challawa, kin tabbata?"

"Yi shiru, Baba na addu'a."

Ubangiji ya albarkace su, ya tsare shigarsu da fitarsu. Amin.