Ƙofar da Mato Ya Fasa

Ku matso nan, ku rage murya.

A wani tsohon birnin fatake, can arewa, akwai masallacin ƙasa da ya girmi kakan kowa. Mato magini ke yi masa yaɓe, gadon ubansa. To, bangon arewa ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ya gina yau, gobe ya tarar da shi a ƙasa, kuma kullum wuri ɗaya. Ya canja ƙasa, ya ƙara ramno, ciyawar kwaɓi, ya sa sabuwar azara. A banza.

Alhaji Ilu, shugaban kwamitin masallacin, ya gaji. Ya ce, "Mato, in ya sake zubewa, rushe ginin za mu yi duka, mu sa bulo da siminti."

Abin ya ci wa Mato rai. Masallacin da ubansa ya tsufa a jikinsa!

Ran nan da tsakar rana kowa ya gudu inuwa, shi kaɗai yana kwaɓa yana tsaki. Sai ya ji warin raƙumi, alhali ayari ya daina zuwa garin tun zuwan mota. Ya ɗaga kai. Wani dogon mutum ne, amawali har ido.

"Sannu da aiki, magini." Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Yawwa, baba."

"Kai ke toshe mana ƙofa?"

Takaici ya sa Mato ya manta tsoro. "Wace ƙofa? Bango ne! Ni ake yi wa ɓarna!"

"Kakanka ya bar mana ita, na baya suka liƙe. Ta nan ayarinmu ke shiga sallar azahar."

Mato ya sunkuyar da kai. Ƙarƙashin rigar mutumin, ba ƙafar ɗan Adam ba ce, tafin raƙumi ne, faffaɗa, ya lotsa cikin kwaɓin. Da ya ɗago, ba kowa, sai kantun gishiri a kan tubalansa.

Washegari ya fasa ƙofa doguwa a wurin. Alhaji Ilu ya yi ta faɗa: "Ƙofa tana kallon kango? Ka haukace?" Mato ya ci gaba da aikinsa, in ya faɗi abin da ya gani wa zai yarda? Aka ƙwace masa aikin. Damina ta zo ta wuce, bango ko tsagewa bai yi ba, zancen siminti ya mutu. Ko sannu babu wanda ya ce wa Mato.

Har yau mai shara na tsintar gashin raƙumi a bakin ƙofar. Kada ɗayanku ya kishingiɗa a nan shi kaɗai da tsakar rana. Sauri suke, kar salla ta wuce su.